Hoton da Aka Yanke wa Jirgi

Ranar sunan jaririyar autata Ummi, da na kaɗe wayar nan daga hannun matar Sani har ta faɗa cikin farantin nakiya, na ga yadda ku 'ya'yana kuka kalli juna. Na san abin da ake faɗa a bayana: Mama ba ta son hoto, Mama ƙauyanci, Mama ta tsufa da rigima. Wannan bai dame ni ba, don ko da ƙuruciyata ba a san ni da sanyin hali ba, kuma gara surukar tawa ta koya tun yanzu cewa ba a cusa wa mutum waya a fuska yana tsakiyar tauna. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da ta fito daga bakin yayanku. Kai ɗan fari, da kai nake. Ka san ba zan rubuta sunanka ba, kamar yadda ba ka taɓa jin sa a bakina ba, don mu haka aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ka sunkuya ka ɗauko wayar, ka goge ta da gefen rigarka, ka ce wa matar ƙaninka:

"Ƙyale ta. Tana da dalilinta."

Muryar Baffanku Tijjani na ji a bakinka sak, har da yadda yake jan ƙarshen magana in ya riga ya yanke wa mutum hukunci. Ashe duk shekarun nan kana ɗauke da labarin yadda aka ba ka shi a gidansa na Mafoni, ni kuma ina nan ina zaton lokaci ya wanke shi. Don haka na ajiye zancen makarantun da na koyar da sauran tarkacen da na yi niyyar rubuta muku, zan ba ku labarin shekarar da mahaifinku ya rasu, yadda ya faru a kaina.

Gidanmu na Bulumkutu a Maiduguri, wanda Ummi ba ta tuna shi sosai, yana can ƙarshen unguwa, daga shi sai wani fili mai itatuwan dogonyaro, sai wayar da ta kewaye filin jirgi. In jirgi zai tashi, kwanon rufinmu ne yake fara sani, kaji su watse, mai magana ya dakata da bakinsa a buɗe har ƙarar ta wuce. Baƙi sukan firgita, mu kuwa mun saba. Mahaifinku huluna yake sayarwa a Kasuwar Kwastam, mutum ne mai sanyi kamar randa, shi ya sa muka zauna lafiya, don in da irina ne da gidan ya kama da wuta. Katangarmu ɗaya da Malam Bitrus, malamin sakandare, mutumin wajen Biu. Matarsa, Maman Ladi, ita ta riƙe ni ranar da naƙudar Ummi ta zo babu kowa a gida, kuma har yau ban ga macen da ta kai ta iya kunun gyaɗa ba. Shi Malam Bitrus ba shi da aibu sai ciwo guda, ciwon jirgi. Daga ƙara kawai zai gaya maka wane iri ne, daga ina ya taso. Yana da wata kyamara mai dogon baki kamar kakaki, ya hau saman benensa da bai ƙarasa ginawa ba, ya zauna cikin ranar Maiduguri yana jiran ƙarfe ya wuce. Lokacin ba a kai ga kama mutum don ya ɗaga kyamara kusa da filin jirgi ba. In ya ɗauka, sai ya ɗora a wani zaure na intanet inda masu irin ciwonsa daga ƙasashe daban-daban suke yaba wa juna. Mahaifinku yakan tsokane shi ta kan katanga, ya ce Malam, jirgin da ba za ka hau ba mene ne na ɓata masa ido? Shi kuma ya ce ai ko tauraro ba a hawa, amma ana kallo.

A shekarar nan mahaifinku ya gama shirin aikin hajji, shi da mahaifiyarsa Iya. Ya sayi haraminsa, an yi musu allura, har ya fara koyon addu'o'in ɗawafi yana karanta mini ina gyara masa. Sai ciwon ciki ya kama shi ranar wata kasuwa, kafin mu gama gardamar asibiti ko jiƙo, ya tafi. Na shiga takaba da jaririya a hannu da ku maza biyu kuna firamare. Na ajiye kwalli da turare, na ɗauko wani tsohon mayafi da ya koɗe, na zauna a ɗaki ina karɓar gaisuwa. 'Yan'uwa suka so Iya ta fasa tafiyar, ta ce ko a kan gadon asibiti sai ta je, tunda ɗanta ya yi niyyar kai ta. Ranar da za a wuce da ita sansanin alhazai ta sa aka biyo da ita ta gidanmu. Ta shigo ɗakina tana dogara sanda, ta kori matan da ke ciki, har da Ya Falmata maƙwabciyarmu da ba a korar ta daga ko'ina. Ta miƙa hannu ta ciro hular mahaifinku daga ƙusar da yake rataye ta, wata zanna mai ruwan ƙasa da gumi ya riga ya cinye bakinta, ta ɗora mini a cinya.

"Rabi, da shi za mu hau jirgin nan, Allah bai yi ba. In kin ji an ce namu ne zai tashi, ki fita filin bayan gidan nan ki ɗaga mini hularsa. Zan roƙa a ba ni wajen taga."

Na ce, "Iya, takaba nake."

"Ni na haifi wanda kike yi wa takabar. Da rana ne, kuma ga gida ga fili. Ki fita ki dawo."

Ta ce za ta yi wa jikokinta addu'a a gaban Ka'aba ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta shafa kan Ummi, ta fita. Babu wanda ya ji maganar nan sai ni da ita da Allah.

An yi ta ɗaga tashin nasu, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, kamar yadda aka saba yi wa alhazai. Wata rana bayan azahar sai na ji unguwa ta ɗauka, jirgin alhazai, jirgin alhazai. Kuna makarantar allo. Na miƙa wa Ya Falmata Ummi, na ja mayafina na fita ta ƙofar baya da hular a hannu. Mutane sun cika bakin waya, mata da yara da masu keke da suka ajiye sana'a. Ban shiga cikinsu ba. Na tsaya ni kaɗai a gindin wani dogonyaro, ko inuwar wani ba ta taɓa tawa ba. Da jirgin ya taso ya ɗaga hanci, ya biyo ta kanmu da cikinsa fari fat, na ɗaga hular iya tsawon hannuna. Ƙarar ta cika duniya har ina jin ta a haƙorana. Na buɗe baki na faɗi abin da na faɗa, ƙarar ta haɗiye shi. Da ya zama ɗigo a sama na juyo gida, na karɓi 'yata, na koma kan tabarmata. Tuwon da Ya Falmata ta ɗora kafin in fita ko talge ba a yi masa ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, Baffanku Tijjani ya zo daga Mafoni. Shi ne wan mahaifinku, babban gida tun rasuwar kakanku. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya, don a taƙaice ya yi ta, bai jira amsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo wayarsa ta gefen labule, ya ce in duba in gaya masa ko na san matar nan.

Na duba. Da farko ban gane komai ba, wata mata ce a waje, hannunta a sama, bakinta a buɗe kamar mai ƙyalƙyala dariya, mayafinta ya zame har ana ganin gefen kitsonta. Kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ga wani ƙato da rigar masu keke, hannunsa a ɗage daidai wuyanta kamar ya dafa ta. Har na buɗe baki zan ce ban san ta ba, sai idona ya sauka kan abin da ke hannunta. Hular mahaifinku ce. Na kalli mayafin da ke jikina, na kalli na hoton, facin da na yi masa da baƙin zare yana nan. Ni ce. Amma ban san mutumin nan ba, ban taɓa ganinsa ba, babu wanda ya tsaya kusa da ni a ranar, kuma ban yi dariya ba tun ranar da aka fita da gawar mahaifinku. Abin da ya fi ɗaure mini kai, babu jirgi a hoton. Babu waya, babu taron mutane, sai ni da ƙaton nan da ganyen dogonyaro, kamar wasu masoya da suka fita shan iska. Na yi ta juya wayar ina neman jirgin, kamar zai faɗo daga gefe.

Baffa ya ce hoton ya gama zagaya Kasuwar Kwastam, a rumfar ɗan'uwansa aka nuna masa, a gaban abokan cinikin marigayin. Ya ce ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, don ya riga mu gidan gaskiya kuma shi ya ciyar da ku. Da ya gama na gaya masa komai, zuwan Iya da hular da taga. Ya ce to madalla, abu ya zo da sauƙi. Ya karɓi wayarsa ya lalubo lambar matar da ke kula da Iya a can.

"Ga ta nan. Yanzu zan kira, a ba ta, ki yi magana ina ji. In ta ce ita ta aike ki, ni zan bi kasuwa rumfa-rumfa in wanke ki."

Ku tsaya nan ku fahimce ni, don nan ne komai ya juya. A ranar alhazai suna shirin fita Mina. Iya tsohuwa ce mai hawan jini, ta binne ɗa ba a daɗe ba, tana cikin harami, wurin da aka hana ko jayayya. In aka kira ta, za a gaya mata cewa roƙon da ta yi ya jawo ana yawo da matar ɗanta a wayoyin 'yan kasuwa, kuma babban ɗanta yana tsaye a kan marayu yana tuhumar uwarsu. Na san Iya. Ba za ta ƙara sanin me take karantawa ba har ta gama, ko ta faɗi a cikin turmutsitsin nan. Hajjin da ta jira duk rayuwarta, wanda mahaifinku ya mutu da burinsa, ni zan ɓata shi don in wanke kaina? Makonni kaɗan ne ta dawo, ta faɗa da bakinta a tsakar gida. Na ce:

"Kada ka kira ta, Yaya. A bar ta ta gama ibadarta. In ta dawo ka tambaye ta."

Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan labulen ba su motsa ba. Sannan ya ce, da muryar nan da na ji a bakin ɗana ranar suna, "Na gane." Ya sa wayar a aljihu ya tafi. Mai gaskiya ba ya gudun shaida, haka ya faɗa wa dangi, kuma in da ni ce a wurinsa wataƙila haka zan ɗauka.

Har zuwa lokacin ban san daga ina hoton ya fito ba. Na zargi masu keke, na zargi aljanu, na zargi duk macen da muka taɓa cacar baki da ita a bakin famfo, kuma suna da yawa. Washegari Maman Ladi ta shigo idanunta jawur, ta ce mijinta yana zaure yana neman izinin magana. Tunda takaba nake, ta labule muka yi. Ya ba ta wata babbar takarda ta shigo mini da ita, ashe shi ya ɗauki hoton, ya wanko shi cikakke. Ga jirgin nan ya cika sama, kyakkyawa, har ana karanta rubutun jikinsa. Can ƙasa, a kusurwa, ga 'yan mutane ƙanana kamar ƙudaje, ni ce ta gefe. Wani ɗan unguwa ne ya shiga zauren nasu na intanet ya gane ni, ya yanke jirgin ya yar, ya buɗa kusurwar, ya tura wa abokinsa, aboki ya tura wa aboki. Malam Bitrus ya yi mini bayani, wai dogon bakin kyamarar nan haka yake, yana janyo na nesa ya manna shi da na kusa. Mai keken yana can baya da nisa, rana yake karewa da hannunsa. Ni dai ina zaune da takarda a cinya ina sauraro. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifinku har maƙabarta, wanda matarsa ta yanke wa 'yata cibi, shi ne ya yi mini wannan, kuma ko sani bai yi ba.

"Maman Ummi, Allah ya sani, ni jirgi na ɗauka."

Na ce, "Jirgi ka ɗauka. To ni wa ya ɗauke ni?"

Ya ce ya ga akwai mutane a ƙasan hoton, har ma abin da ya sa ya zaɓe shi ke nan, don sun ba shi rai, kuma mutanen zauren sun yi ta yabon matar da ta ɗaga hula. Amma bai buɗa ya ga ko wace ce ba. Ya ce yana can saman bene, ta yaya zai tambayi wanda ke nesa? Nan ne raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. Na ce lokacin ɗauka ina nesa, na yarda, amma lokacin ɗorawa fa? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji. Ya iya gane jirgi daga ƙararsa tun yana bayan gajimare, amma bai iya gane maƙwabciyarsa da hular abokinsa a hannu ba. Na ce har Turawan da ban san garinsu ba sun kalle ni sun yaba, ni kaɗai ce ba a tambaya ba. Maman Ladi ce ta gaya mini daga baya cewa kuka yake a zauren gidanmu, babban mutum da furfura.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan dole in faɗa. Ya sauke hoton daga zauren intanet ɗin a ranar. Ya hau keke ya tafi Mafoni da cikakken hoton, ya zauna a ƙofar gidan Baffa har aka ba shi wuri, ya yi bayanin dogon bakin kyamara, ya ce a zo a hau benensa a gwada a gani. Baffa ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce ya gode, amma jirgi a sama bai mayar da mai takaba ɗaki ba, kuma me ya hana ta bari a kira Iya? Ana cewa magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta, don ita magana ana mantawa. Wanda aka yanke ɗin ya ci gaba da yawonsa daga waya zuwa waya, babu wanda ya nemi cikakken, tunda babu abin gulma a jikin jirgi. Mata masu zuwa gaisuwa suka ƙaru, har waɗanda ba su san mahaifinku ba, su zauna su yi mini Allah ya ba da haƙuri suna ƙare wa mayafina kallo.

Na daure ina jiran Iya. Duk jirgin da ya sauka sai in kasa kunne. Aka yi Arfa, aka yi Sallah, alhazai suka fara haɗa kaya. Wata safiya Ya Falmata ta shigo ba ko wushe, gaisuwar Barebari da ta saba, ta zauna a ƙasa ta kama ƙafata, ta faɗa mini. Iya ta gama hajjinta cif, ta yi ɗawafin bankwana a kan keken guragu, ta koma masauki ta kwanta, ba ta tashi ba. A can aka binne ta. Kowa yana cewa ta yi dace, kuma ta yi. Ni kuwa na zauna ina kallon bango, ko hawaye babu, don abin ya wuce kuka. Mutum ɗaya ne a duniya zai ce ni na aike ta, kuma da hannuna na hana a tambaye ta. An sha tambayata ko na yi nadama. Na yi kukan abin da ya biyo baya har idona ya lalace, amma ko yau aka miƙo mini wayar nan ba zan bari a kira ba. Matar da ta kula da ita ta ce har ranar ƙarshe Iya cikin farin ciki take, tana lissafa sunayen jikokinta a gaban Ka'aba.

Ina fita takaba Baffa ya zo da mota. Ya ce maza biyun za su koma wurinsa saboda tarbiyya, jaririya ta zauna tunda tana shan nono. Wani malami ya gaya mini in na je gaban alƙali ni ke da haƙƙin riƙo. Na yi tunanin hoton nan yana yawo daga hannun magatakarda zuwa na masinja, ana karanto sunan mahaifinku a bainar jama'a, kuna tsaye kuna ji, na kasa. Ranar tafiyar, Sani ya ƙanƙame ni yana ihu, na rungume shi, na share masa majina, na cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu. Kai kuma kana tsaye a bakin ƙofa da jakar makarantarka, kana kallona. Tsakar gidan cike take da dangin ubanku, masu jiran su ga wace rashin kunyar zan ƙara. Uwa ba ta rungumar ɗan fari a gaban mutane, ba ta ko kallonsa da kyau. Na kawar da kai na ce wa bango, a yi karatu. Na ji takunka har mota. Sani bai daɗe ba ya fara gudowa, yau a mayar da shi gobe ya dawo, har Baffa ya gaji ya bar mini shi. Kai ba ka taɓa gudowa ba. Ka girma a Mafoni, kana zuwa gaishe ni ranar Sallah kamar wata gwaggo, ka durƙusa, in ce an gode, ka tashi. Ni ina cewa kunya ce irin tamu, ashe kai a wurinka wani abu ne daban.

Kafin Malam Bitrus ya yi ritaya su koma gida, ya turo Maman Ladi ta tambaye ni ko na yarda ya ba ni takardar hoton nan, ya goge wanda ke cikin na'urarsa. Wannan ne karo na farko da wani ya nemi izinina a kan hotona, bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Na ce na yarda, amma ya fara duba mini abu guda: ya buɗa tagogin jirgin ya ga ko akwai fuska a jikin wata. Ya yi, ya kawo mini. Ɗige-ɗige ne baƙaƙe a jere, babu abin da ake gani. Har yau ban sani ba ko Iya ta sami wajen taga. Shi kuwa bai daina ciwonsa ba, amma Maman Ladi ta ce tun daga shekarar ba ya danna kyamara sai jirgi ya wuce kan mutane, ya zama daga shi sai sama. Na yafe masa tuntuni, mun ci gaba da gaisawa har suka tashi. Kunun gyaɗar ne dai na kasa ƙara sha.

To, kun ji dalilin da Baffa bai ba ku ba. In na ga an ɗago mini waya, ba ƙauyanci ne yake sa ni kaɗe ta ba. Ku ma in kuna ɗaukar 'ya'yanku a wurin biki, ku duba wa ke tsaye a kusurwa kafin ku tura, don shi ma yana da gidan da zai koma. Takardar tana ƙasan akwatina na ƙarfe, naɗe cikin mayafin nan, tare da hular. Na yarda ku uku ku gani, ina raye ko bayan raina. Ban yarda a ɗauke ta a waya ba, ban yarda a nuna wa kowa ba, ko matanku, ko mijin Ummi. Ba a tambaye ni ba a wancan karon, yanzu ga amsata tun kafin ku tambaya.

Kai kuma, in ka buɗe, hular taka ce, ka ɗauka. Sannan ka kai takardar wurin haske ka dubi bakin matar nan da aka ce maka dariya take. Iya ta ce za ta kai sunayenku gaban Ka'aba, ni kuma da jirgin ya zo kaina sai tsoro ya kama ni kada tsufa ya sa ta manta, na shiga ƙwala mata su. Na ga ƙarar ta rufe kunnen kowa, babu suruki, babu maƙwabci, babu mai cewa ga marar kunya. Ban kai ga na Sani ba, ban kai ga na Ummi ba. Na farkon na kama na yi ta maimaitawa iya ƙarfina har jirgin ya ɓace, don tun ranar da aka raɗa maka shi nake riƙe da shi a ciki ban sami inda zan faɗe shi ba. Abin da Malam Bitrus ya ɗauka ke nan, abin da aka yi ta yawo da shi a kasuwa ke nan. Sunanka ne a bakina.